Hanta a dama, saifa a hagu: littafin aikin wasan "Jikina"

11 ga Janairu, 2025

Ɗan yayata ne ya jawo mini wannan aiki. Shekararsa 9, yana aji huɗu. Daren jiya yana zaure, ya ƙudundune cikin rigar sanyi yana haddar darasin kimiyya, yana zuba sunayen sassan jiki da Turanci kamar mai tilawa, ko gargada babu. Na ce, "To nuna mini inda hantarka take." Ya yi jim, ya dafa cibiya. Ƙoda fa? Cibiya. Huhu? Ya ɗan matsar da hannun sama, yana satar kallona ko ya dace.

Abin da ya ba ni haushi, yaron nan shi ne uban 'yan zaƙewa ranar layya. Ya san hantar rago, ya san huhu, har gargaɗi yake yi kada a bari maɗaciya ta fashe a kan nama. Bai dai taɓa kawowa a ransa cewa shi ma irin kayan nan yake yawo da su a ciki ba.

Don haka zan gina wasan kwamfuta da Hausa, murya da rubutu, na yara 'yan shekara 7 zuwa 12. Ni malamin firamare ne, ba gwanin manhaja ba, shi ya sa na zaɓi Scratch. Jami'ar MIT ta Amurka ce ta fitar da ita kyauta a 2007, kuma ba a rubuta dogon umarni a cikinta, tubala ne masu launi ake harhaɗawa kamar mai jera bulo. Akwai wadda ake saukewa ta yi aiki ba intanet, ita na ɗauko. Jarina: tsohuwar kwamfutar cinya, waya, da ranakun Asabar.

25 ga Janairu

Zane ya ci mini mako biyu, kuma ba wuyar zanen ba ce. Inna ta leƙo ta ga abin da ke kan allo, ta ce, "Kai dai ba ka rabo da ɗauko magana. Tsirara za ka nuna ma ɗiyan mutane?"

Tana da gaskiya. In iyaye suka ga abin da bai yi musu ba sau ɗaya, shi ke nan an rufe babin. Na sake zanen: yaro ne da taguwa da wando da hula, in ka danna ƙirjinsa sai gaban taguwar ya buɗe kamar taga, daga wuya zuwa ƙasan cibiya, iyakarsa ke nan. Na ɗauki kwamfutar na kai wa malamin Islamiyyar unguwarmu nan Mabera a Sakkwato, tunda yawancin yaran da zan gwada da su almajiransa ne. Na ce, "Allah shi gafarta Malam, a duba mini kafin in tara yara." Ya daɗe yana kallo, ya sa na buɗe tagar na rufe har sau uku. Sai ya tuna mini cewa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi sarauta daga 1817 zuwa 1837, duk da nauyin daula a kansa sai da ya yi rubuce-rubuce kan cututtuka da magani. Ya ce ilimin jiki ba baƙo ba ne a garin nan. Sharaɗinsa ɗaya: maza da ranarsu, mata da tasu.

8 ga Fabrairu

Yau na san cewa ban iya Hausa ba.

Na zauna in jera sunayen da wasan zai furta. Zuciya, huhu, hanta, ƙoda, saifa, hanji, mafitsara, maɗaciya, duk suka zo da sauƙi. Sai na iso jijiya na cije. Bututun da ke fitar da jini daga zuciya, jijiya. Wanda ke mayar da shi, jijiya. Zaren da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa yatsa, jijiya. Igiyar da ta ɗaure tsoka da ƙashi, ita ma jijiya. Abu huɗu, aikinsu daban, sunansu ɗaya. Likita in yana magana da Bahaushe yakan tsallake rijiyar da kalmar Turanci, ni kuwa ba ni da wannan hanyar.

Da sassafe na hau kabu-kabu zuwa wajen Kara, wurin wani dattijon mahauci da mahaifina ya daɗe yana sayen nama a hannunsa. Na same shi ya gama fiɗar akuya, kayan ciki na tururi cikin sanyin hunturu. Na gaishe shi, na faɗi abin da ke tafe da ni. Ya yi dariya har da goge ido da bayan hannu.

"Ɗana, wagga jijiya ta, waccan ma jijiya ta. Mi kaka so in ce maka?"

Amma da ya ga da gaske nake, sai ya ajiye wasa. Ya kama ƙafar baya ya nuna mini farar igiyar nan mai tauri da ake rataye dabba da ita, ya ce, "Wagga agara ta." Ya yanko bututu biyu daga kusa da zuciya ya ɗora mini a tafin hannu. Ɗaya bakinsa a buɗe yake, mai kauri, in ka matsa ya dawo kamar roba. Ɗayan laushi gare shi, ya lanƙwashe ya kwanta. Na sha karanta wannan bambanci a littafi, cewa mai fitar da jini bangonsa ya fi kauri don yana ɗaukar ƙarfin bugun zuciya, amma ban taɓa riƙe shi ba sai yau. Dattijon bai san sunansu na boko ba, yatsunsa kuwa sun san su tun ban zo duniya ba.

Ya kuma gyara mini wani kuskure. Na rubuta "tumbi" a jikin yaron wasan. Ya ce in yara suka ji tumbi, na akuya za su hango, da tawul ɗinsa da saƙar zumarsa. Haka ne: cikin mai tuƙa ɗaki huɗu ne, na mutum jaka ɗaya ce tak. Na bar kalmar don ita mutane suka sani, amma murya za ta ƙara da cewa na mutum guda ne, shi ya sa ba ma tuƙa.

Saura fankiriyas, wadda ke kwance bayan tumbi tana fitar da insulin mai daidaita sukarin jini. Na kwatanta masa wurin, ya nuna mini wani ɗan nama mai kama da kitse, ya ce su dai cikin tarkace suke haɗa shi. Na sa mata "ma'aunin sukari" na wucin gadi. Sunan bai kwanta mini ba.

Ya ƙi karɓar ko sisi, sai ma ya ƙulla mini hanta a leda.

22 ga Fabrairu

Gwaji na farko, yara maza 8 a zaure, linzami ɗaya. Matakin farko ke nan: kayan ciki na jere a gefe, ka ja kowanne ka kai mazauninsa. In ya dace ya zauna, murya ta faɗi sunansa da aikinsa. In bai dace ba ya koma inda ya fito.

Rigima ta tashi a kan hanta. Murya ta ce hanta na dama, yara suka ja ta zuwa damarsu, wasa ya ƙi karɓa. Ɗan yayata ya ture linzamin: "Kawu, wanga wasa ƙarya shika yi!" Laifina ne. Yaron allo fuskantarmu yake yi, damarsa ita ce hagunmu, kamar yadda littattafan likitoci suke zanawa, ni kuma na saba har na manta cewa abin koyo ne. Na tsayar da biyu suna fuskantar juna, na ce kowa ya ɗaga hannun cin tuwo. Suka ga hannayen sun saɓa, aka fashe da dariya. Yanzu na sa wa yaron allo cokali a hannun dama, kuma kafin a ja kowane abu murya na cewa, "Dafa taka tukuna." Sai ka dafa ƙasan haƙarƙarinka na dama, sannan hanta ta yarda ta motsa. Wasan ba ya ganin ko ka dafa, amma sauran yara na gani, kuma ba sa yafewa.

Ƙoda ta ba su mamaki. Duk a gaba suke nemanta, alhali a baya take, ɗaya kowane gefe na ƙashin baya, ta dama ta ɗan fi sauka saboda hanta ta danne wurin. Dole in ƙara maɓallin juya yaron.

15 ga Maris

Azumi, aiki ya ja baya. Muryar ƙanwata nake ɗauka, don tawa ta yi kaushi, yara sun ce kamar mai sanarwar rasuwa. Mun gwada da rana, keke napep da masu tallan ƙanƙara suka shiga cikin kowace jimla. Yanzu sai bayan asham, cikin ɗakin Inna, mun toshe taga da bargo. Salon harafin da na zaɓa tun farko ba shi da ƙ da ɗ da ɓ, sai ƙoda ta fito da akwati a gaba. Na sake zana kalmomin ɗaya bayan ɗaya a matsayin hoto.

12 ga Afrilu

Zafin bana ba a magana. In rana ta take, awo na haura 40, kwamfutar ta yi ta huci minti ashirin sai ta mutu da kanta. Na ɗora ta kan bulo biyu don iska ta ratsa ƙasanta, ina aiki daga asuba zuwa hantsi. In an ɗauke wuta kuma sai in kai ta caji shagon mai sola.

Matakin ƙashi ya fito. Na ji tsoron ƙwarangwal zai firgita ƙanana, don a tatsuniya da finafinai fatalwa ce. Ashe shi za su fi so. Sun raɗa masa Malam Ƙashi, kuma in ka haɗa shi daidai yana taka rawa, abin da na ƙara cikin minti biyar don wasa, ya zama shi ne dalilin da suke zuwa.

Ba zan sa ƙasusuwa 206 yaro ya ja ɗaya-ɗaya ba, na dunƙule su gida 14. Amma lambobin na cikin tambayoyi: hannu ɗaya ƙashi 27, ƙafa ɗaya daga idon sawu zuwa yatsu 26, mafi tsawo na cinya, mafi ƙanƙanta yana can cikin kunne bai kai ƙwayar shinkafa ba. Jariri ya fi babba yawan ƙashi, don wasu sai a hankali suke haɗewa, kuma duk wanda ya taɓa ganin maɗigar ƙaninsa na motsi ya ga wurin da ƙoƙon kai bai gama rufewa ba. Tambayar da ta fi cin mutane ita ce ta wuya: tsakanin mutum da raƙumi wa ya fi yawan ƙashin wuya? Kowa raƙumi yake cewa, har manya. Bakwai ne duka, na raƙumi tsawo kawai suka fi. Wani yaro ya ce sai ya je Kara ya ƙirga da kansa.

Sai maganar haƙarƙari. Wasa ya ce 12 kowane gefe, 24 ke nan, mace da namiji duk ɗaya. Wani babba a cikinsu ya ce ina, na maza ya gaza da ɗaya, tunda daga haƙarƙarin Annabi Adamu aka halicci Hauwa'u. Ban yi gardama ba, na ce mu je wurin Malam. Malam ya saurara, ya ce maganar halitta daga ƙashin haƙarƙari ta zo a hadisi, amma ba a ce 'ya'yansa maza sun gaji giɓi ba. Ya tambayi yaron, "Wanda inji yac cire ma yatsa, ɗansa da yatsa nawa aka haihuwa tai?" Yaron ya sunkuyar da kai yana murmushi. Da ni na faɗa, da an kwana ana musu.

3 ga Mayu

Zuciya. Nan ne na fi daɗewa, nan ne kuma nake ganin wasannin waje da na duba suka fi yin sakaci: hotuna masu kyau, sai tambaya da amsa, yaro ya danna ya ci maki ya tashi bai san abin da ya faru ba. Wannan ai jarrabawa ce aka sa mata kiɗa.

Nawa ga yadda yake. Kai ɗigon jini ne. Ka shigo zuciya ta ɗakin sama na dama, ka sauka na ƙasa, a tura ka huhu ka sauke iskar da jiki ya gama da ita ka ɗauki oksijin, ka dawo ɗakin sama na hagu, ka sauka na ƙasa, sannan a harba ka cikin jiki. In ka nemi ratsa bangon tsakiya daga dama zuwa hagu don ka yanke hanya, ka ci karo. Duk yaron da ya zauna sai ya gwada yanken, kuma ba su kaɗai ba: likitocin da suka bi koyarwar Jalinus, wani likitan Girka na zamanin da, sun shafe fiye da shekara dubu suna cewa akwai ƙananan ƙofofi a bangon nan. Ibnun Nafis, likitan da ya yi aiki a Alƙahira ya rasu a 1288, shi ya rubuta cewa bangon a toshe yake, jini ta huhu yake zagayawa. William Harvey na Ingila ya bayyana zagayen jini gaba ɗaya a 1628. Na sa wannan cikin jimla biyu, yana fitowa ne kawai in ka yi karo da bangon.

Jijiya kuma ga inda na tsaya: mai fita, mai dawowa, jijiyar saƙo, sai agara ga masu ɗaure tsoka, duk da na san a bakin mahauta agara ba ta kai faɗin haka ba. Da farko na so in ce "mai jini mai kyau" da "mai gurɓataccen jini", sai na tuna wadda ke fita daga zuciya zuwa huhu jinin da oksijin ɗinsa ya ragu take ɗauka. Fita da dawowa ba sa ƙarya. Na kuma cire shuɗin launin da aka saba yi wa mai dawowa, bayan wata yarinya ta tambaye ni ko rabin jininta shuɗi ne. Ja mai haske da ja mai duhu, yadda yake a gaske.

Ƙarshen matakin ba a kan allo yake ba. Wasa ya ce ka sa yatsu biyu a wuyan hannu, ya ƙirga maka daƙiƙa 30, ka ninka biyu. Sannan ka fita ka zagaya gida da gudu ka dawo ka sake. Babba a zaune yakan samu tsakanin 60 da 100 a minti, na yara ya fi sauri. Ranar mata, wata ta kasa samun nata, ido ya cika da hawaye, sai da ƙanwata ta kama hannun ta gyara mata yatsu. Da ta ji shi ta yi tsalle: "Anti, shina motsi!"

17 ga Mayu

Haƙora: na nono 20, na manya 32. Mataki ne gajere, ka goge ka kori ƙwayoyin cuta. Na ƙara jimla ɗaya da ba ta cikin tsarin farko: in dasashin ƙaninka ya kumbura yana jini, baki na wari, gaya wa Inna a je asibiti yau. Cutar noma, mai cin naman fuska, daga dasashi take farawa, ta fi kama ƙananan yara masu fama da tamowa, kuma in an tare ta da wuri magani na tsayar da ita. A garin nan asibitinta yake tun 1999, kuma a Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci. Su 'yan shekara goman nan ai su ke goyon ƙannen, su za su fara gani.

7 ga Yuni

Jiya aka yi Sallah, aka yanka ragon gida. Na roƙi a bar mini huhu da zuciya kada a taɓa. Yara sun fi goma a tsakar gida. Na zura bakin famfon keke cikin maƙogwaron, na ɗaure da tsumma, ɗan yayata ya buga. Huhun da ke kwance kamar jiƙaƙƙen tsumma ya taso, ya yi fari-fari, ya cika faranti. Ya saki, ya sace. Sai da kowa ya buga. Na tsaga zuciyar, suka zura yatsa ɗaki-ɗaki, suka laluba bangon tsakiya suna neman ƙofa. Inna na gefe tana mita wai mun mai da naman layya abin wasa, amma da huhun ya taso ita ma sai da ta ce a sake ta gani.

Can sai ga ɗan yayata daga wurin da aka rataye ragon, hannu duk maiƙo. "Kawu, na ƙidaya awazu. Sha ukku na, ba sha biyu ba!" Ya zo kama wasa da ƙarya karo na biyu. Na ce na rago 13 ne, je ka ƙirga naka. Ya ɗaga rigar Sallah yana lalube, ya kai bakwai ya ɓace.

21 ga Yuni

Ruwa ya sauka, kwamfuta ta huta. Da wata manhaja mai suna TurboWarp na mayar da wasan fayil ɗaya, wanda ke buɗewa a waya, don kwamfuta ɗaya ba za ta ishi unguwa ba. Ana tura shi ta Xender ba sai da data ba. Matsala sabuwa: a ƙaramin allo yatsa na rufe saifa da maɗaciya gaba ɗaya, sai na faɗaɗa wurin kamawa. A ƙananan wayoyi kuma murya na makara.

Matakin jini nake kai yanzu. Zazzaɓin cizon sauro ya shiga da sauƙi, don labari ne da kansa: ƙwayar cutar hanta take fara sauka, ta hayayyafa, sannan ta afka wa jajayen ƙwayoyin jini, saifa ta yi ta tace waɗanda suka lalace har ta kumbura. Sikila ce ta tsayar da ni. Cikin 'yan matan akwai mai ita, kowa ya sani, takan yi mako ba ta zo ba. Na yi niyyar tsallakewa don kada a riƙa nuna ta. Yau bayan an watse ta tsaya a bakin zaure, ta ce, "Malam, za ka sa irin jinina?"

Na zaunar da ita na zana mata a takarda: lafiyayyar ƙwaya kamar ƙaramar waina, tana rayuwa kwana 120, tata kuma takan lanƙwashe kamar lauje, ta mutu cikin kwana 10 zuwa 20, ta maƙale a ƙananan hanyoyi, ciwon ƙashin daga nan yake. Ta duba laujen nawa ta ce bai yi kyau ba. Ta karɓi biron ta zana guda shida, ta ce in zaɓa. Na ce sai na je na gaida mahaifiyarta mun yi magana tukuna. Takardar na nan cikin jakar kwamfuta, gobe bayan la'asar zan je.